Ranar da Aka Nuna Ɗalhatu a Talabijin

Duk ɗan kasuwar Kano da ya yi zirga-zirgar Dubai a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai san Ɗalhatu ba. Shi ne dogon mutumin nan mai ɗan ɗingishi da ke tsayawa a bakin sikeli a ofishin kago, wato na aika kaya gida, na Alhaji Rilwanu da ke Al Sabkha, wanda ko riga mai gajeren hannu ya sa sai ya ɗora mata hular zanna. Aikinsa karɓar kayan mutane, abaya ce, takalma ne, turare ne, kayan kicin ne, ya auna, ya rubuta sunan mai su a jikin kwali, ya bi su har sito a Al Qusais ya ga an loda su a kwantena. Mata 'yan sari sun fi kowa yarda da shi. Sau da yawa Hajiya za ta gama sayayya jirginta na gab da tashi, sai ta bar masa sunayen shagunan ta ce ya bi ya tattaro, ta tafi hankalinta kwance.

Haifaffen Haɗeja ne, ɗan masunci. Ɗingishin kuwa babur ne ya bar masa shi tun yana saurayi. Da ya gama sakandare ya yi shekara takwas yana jiran shago a Kantin Kwari, a can Alhaji Rilwanu ya ga riƙon amanarsa ya ɗauko shi. Matarsa Ummulkhair da 'ya'yansu uku suna Kano, a Ɗorayi, kuma sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, da babbar salla. A Dubai su shida ne a fulat ɗaya a Hor Al Anz, biyu-biyu a ɗaki. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman shisha. Daga aiki sai masallaci, daga masallaci sai ɗaki.

Yana da shekara arba'in da uku likita ya ce masa sukari ya kama shi, kuma magani kaɗai ba zai yi ba sai an haɗa da tattaki. Ya gwada na wata biyu, abin ya gundure shi. Shi mutum ne da ya saba idan ya fita akwai inda za shi da abin da zai ɗauko, tafiya don tafiya kawai ba ta shiga kansa.

Wata safiya yana zagaya wurin shaƙatawar nan mai tafki a Al Qusais, sai ya hangi wani da ya sani ya durƙusa yana lalube a ƙarƙashin benci. Rodel ne, ɗan ƙasar Filifin da ke rubuta shige da ficen kaya a siton da ke jikin nasu. Ɗalhatu ya zaci makulli ya ɓata masa, ya matsa don ya taya shi nema. Sai Rodel ya zaro wani ɗan gwangwani da bai fi babban yatsa ba, mai maganaɗisu a gindinsa, ya buɗe ya fito da wata 'yar takarda a nannaɗe. Sunaye ne a jiki reras, kowanne da kwanan wata.

Nan ya yi masa bayani. Ya ce wasa ne da ake yi a duk duniya, ana ce masa jiyokashin. Mutum zai ɓoye ɗan gwangwani ko 'yar roba a wani wuri, ya sa lambobin wurin a wata manhaja ta waya. Wanda ya ga dama sai ya bi taswira, wayar ta kai shi kusa, sauran kuma aikin ido ne da basira. In ka samu ka rubuta sunanka, ka mayar daidai yadda ka tarar. Babu kyauta, babu gasa. Manyan robobin akan samu 'yan tarkace a ciki, maɓalli ko kwabon wata ƙasa, in ka ɗauki ɗaya ka ajiye wani a madadinsa.

Ɗalhatu ya yi dariya, ya ce wato manya da gemu suna 'yar ɓuya. Amma da Rodel ya miƙa masa biro bai ƙi ba. Ya rubuta Ɗan Haɗeja a ƙasan sunan wani Bakoriye. Kafin mako ya zagayo ya sauke manhajar a wayarsa.

Cikin shekara huɗu ya samo gwangwanaye sama da ɗari uku. Mutumin da ya yi shekara goma a Dubai bai san ko'ina ba sai hanyar ofis da ta sito, sai ga shi ya san lungunan tsohuwar Deira, ya san bakin teku a Mamzar, har duwatsun Hatta ya hau tare da 'yan ƙungiyar wasan, Indiyawa da Filifinawa da Larabawa da wata dattijuwar Bajamushiya da take riga kowa kaiwa saman dutse. Sukarinsa ya sauka. Shi ma ya ɓoye nasa guda uku, wanda ya fi ji da shi yana bakin ruwa inda jiragen katako suke lodi, kuma duk bayan kwana biyu sai ya duba waya ya ga wa ya same shi da abin da ya rubuta. 'Yan kasuwa suna tsokanarsa da mai farautar gwangwani. Bai taɓa jin haushi ba, har yakan nuna musu hotuna.

A watan Janairun shekarar da ya cika arba'in da bakwai, Mubashir ya sauka Dubai. Benci ɗaya suka zauna a sakandare, kuma Ɗalhatu ne babban abokin ango a bikinsa. Yanzu ya zama mai gabatar da shiri a wata tashar talabijin ta Hausa da ke watsawa ta tauraron ɗan Adam, ya zo da mai ɗaukar hotonsa don su yi shiri kan Hausawan da ke zaune a can. Ɗalhatu ya ɗauki hutun kwana uku saboda shi. Ya haɗa shi da manyan 'yan kasuwa, ya kai shi inda ake tuwo da miyar kuka kamar a gida, ya bar masa gadonsa ya kwana a kujerar falo ranar da aka samu tangarɗa da otal.

Suna cin abinci ne hira ta kawo zancen wasan. Mubashir ya ajiye cokali ya saurara sosai, ya riƙa tambaya. Ya ce ai irin wannan yake nema, a nuna wa mutanen gida cewa Bahaushe a waje ba kasuwa kaɗai ya sani ba, yana shiga cikin al'ummar duniya a dama da shi. Maganar ta yi wa Ɗalhatu daɗi ƙwarai. Ya daɗe yana son a samu masu fara wasan a Kano.

Ranar Lahadi da safe suka fita ɗauka. Ya kai su wurare uku. A ƙarƙashin wata bishiya aka zaunar da shi aka yi masa tambayoyi na kusan minti arba'in, ya faɗi yadda ciwo ya fito da shi, da yadda wasan ya sada shi da mutanen da ba don shi ba ko sallama ba za ta haɗa su ba. Ya buɗe gwangwani a gaban kyamara, ya warware takardar ya karanta sunaye. Da aka zo ɗaukarsa yana nema, Mubashir ya ce a sake.

“Mutumina, wannan karon ka ɗan waiga hagu da dama kafin ka miƙa hannu. Ungo tabarau ɗina, rana tana sa ka yamutsa fuska.”

Ɗalhatu ya tambayi dalilin waige-waigen, ya ce don shirin ya yi armashi ne. Bai ga aibu ba, domin dama masu wasan sukan jira mutane su wuce, gudun kada wanda bai sani ba ya ɗauki abin ya jefa a shara. Ya sa baƙin tabarau ya waiga, ya sake waigawa, ya cusa hannu a bayan ƙarfen shinge. Sau huɗu aka maimaita, suna yi suna dariya.

Bayan mako shida Mubashir ya aiko da saƙo cewa ranar Asabar za a nuna, ƙarfe ɗaya na rana a Kano, wato huɗu na yamma a Dubai. Ɗalhatu bai bar kowa ba. Ya gaya wa Ummulkhair ta tara yara, ya gaya wa yayyensa a Haɗeja, ya sanar a zauren waya na 'yan kasuwa. Alhaji Rilwanu ya yarda a kunna talabijin ɗin ofis. Da aka sauko daga la'asar mutum kusan ashirin sun taru, Ɗalhatu ya yi odar shayin karak da sambusa. Har da Hajiya Suwaiba a cikinsu, mai sarin abaya daga Fagge, wadda shekara tara ke nan ba ta ba kowa kayanta sai shi.

Shirin ya fara da wani kiɗa mai sa faɗuwar gaba. Mubashir ya fito da rigar da ya sa ranar Lahadin nan, ya ce yau za su tona abin da ke ɓoye a bayan dogayen benaye. Ya yi bayanin yadda dillalan ƙwaya a manyan biranen duniya suka daina haɗuwa da masu saye, sai dai su binne kaya a wani wuri su tura lambobin wurin ta waya. Yana cikin maganar hoto ya canza. Ga wani dogon mutum yana tafe yana duba waya, an dusashe fuskarsa, amma hular zanna tana nan, ɗingishin yana nan. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya cusa hannu a bayan shinge. Aka maimaita wurin a hankali har sau biyu. Sannan aka ji muryar Ɗalhatu, ba a ko sauya ta ba:

“Kai ba ka san wanda ya ajiye ba, shi ma bai san wanda zai ɗauka ba. In akwai mutane a wurin, sai ka jira su wuce.”

Iyakar abin da aka ɗauka ke nan daga hirar minti arba'in. Ba a nuna takardar sunaye ba, ba a nuna an buɗe gwangwani ba. Mubashir ya dawo ya ce masu yin wannan suna cewa wai wasa ne, amma wane magidanci ne mai hankali zai bar aikinsa ya bi rana yana lalube a gindin shinge saboda wasa. Ko dai zaman banza ne ya yi musu yawa, ko kuma akwai lauje cikin naɗi. Ya ce hukunci yana hannun mai kallo.

Wani daga baya ya fara dariya, da ya ga ba wanda ya taya shi sai ya yi shiru. Ɗalhatu yana tsaye da kofin shayi a hannu, yana jiran a dawo daga talla a nuna sauran. Aka dawo aka shiga zancen tsadar haya. Hajiya Suwaiba ta gyara mayafinta ta ce tana da sauran sayayya. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, sambusar ko rabi ba a ci ba.

Ya fita bakin titi ya kira Mubashir. Sai a kira na biyar ya ɗauka, da fara'arsa, yana tambaya ko an gani. Ɗalhatu ya ce an gani, kuma yana so ya ji laifin da ya yi masa. Mubashir ya fara da cewa masu tace hoto ne suka yanke, sannan ai an rufe fuska, kuma ba a ambaci suna ba. Ɗalhatu ya ce mutum nawa ne a Al Sabkha masu ɗingishi da hular zanna, kuma shi Mubashir da bakinsa ya karanta bayanin, ba mai tace hoto ba. Da Mubashir ya ga ba mafita sai muryarsa ta canza.

“Ɗalhatu, mu gaya wa juna gaskiya. Wa zai zauna ya kalli dattijo yana rubuta sunansa a takarda har minti ashirin? Talabijin ba haka take ba. Kwana biyu za a manta.”

“Tun ranar da ka ba ni tabarau ka san abin da za ka yi?”

Mubashir ya ce ana kiransa a ɗaya layin, zai neme shi anjima. Bai nema ba.

Ba a manta ba. Kafin gari ya waye wani ya yanko wurin, daƙiƙa arba'in, ya rubuta a samansa cewa ga Bahaushen da ke safarar ƙwaya a Dubai, abin ya shiga wayoyi. A Ɗorayi mata suka riƙa shigowa yi wa Ummulkhair jaje, wasu sun ji har an kama shi. Babbar 'yarsu Nana Firdausi ta yi mako guda ba ta je Islamiyya ba, saboda abin da 'yan ajinsu suke faɗa. Yayansa na Haɗeja ya kira, bai zarge shi ba, amma ya ce in akwai abin da ya kamata dangi su sani gara su ji daga bakinsa. Wannan ta fi komai yi masa ciwo a makon.

Kwana uku bayan shirin Hajiya Suwaiba ta aiko a kwashe kwalayenta da aka riga aka auna. Ya bi ta har masaukinta da wayarsa a hannu, ya nuna mata manhajar, da hotunansa a Hatta, da jerin wuraren da ya je. Ta duba sosai, ba ta yi masa wulaƙanci ba.

“Malam Ɗalhatu, ni na yarda da kai har ga Allah. Amma 'ya'yana sun ce in aka tsinci wani abu a kwalina a filin jirgi, sunana ne a jiki ba naka ba. Ka yi haƙuri.”

Ba ita kaɗai ba ce. Alhaji Rilwanu ya kira shi ciki ya ce ya san halinsa fiye da kowa, amma sana'ar kago da yarda take tafiya, kuma ƙasar nan ba a wasa da zancen ƙwaya ko da a baki ne. Ya ce ya koma sito a Al Qusais har ƙura ta lafa. Ɗalhatu ya ce to. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana gaisawa da duk wanda ya shigo, sai ya koma ƙirga kwalaye da masu dako a inda ba mai ganinsa.

Tsoron hukuma ma bai bar shi ba. Rodel ya taimaka masa suka buga tarihin duk gwangwanin da ya taɓa samu, da kwanan wata, da bayanin wasan da Larabci da Turanci, ya ninke ya riƙa yawo da su a aljihu. Babu wanda ya taɓa tare shi, amma ya yi watanni in ya ga motar 'yan sanda ta rage gudu sai ya tuna bizarsa da makarantar yara.

'Yan wasan ma labari ya kai musu, wani ya fassara musu abin da aka ce. Bajamushiyar ta rubuta wa tashar doguwar wasiƙa, ba a ba ta amsa ba. Wasu kuma suka ce shi ya jawo, don me zai kai kyamara wurin ɓoyo ba tare da ya tambayi masu su ba. A nan suna da gaskiya, domin biyu daga cikin gwangwanayen da aka nuna sun ɓace cikin mako guda. Ya ba masu su haƙuri. Sannan wata Lahadi ya bi nasa guda uku ya kwashe, ya goge manhajar daga wayarsa. Rodel ya yi ta lallashi, yana cewa habibi wannan zai wuce, Ɗalhatu ya ce khalas, an gama, shi dai ba zai sake durƙusawa a gindin wani shinge a garin nan ba.

Ya roƙi Mubashir abu ɗaya ta saƙo, a nuna cikakkiyar hirar, ko a turo masa ita ya yaɗa da kansa. Aka ce an ɗora wani aiki a kan na'urar, hirar ta goge. Bayan wata biyu, a ƙarshen wani shiri, lokacin da sunayen ma'aikata suka fara wucewa, Mubashir ya ce wasu hotunan da suke nunawa misali ne kawai. Bai faɗi wane shiri ba, bai faɗi wane mutum ba.

Wata goma sha ɗaya ya yi a sito kafin Alhaji Rilwanu ya dawo da shi ofis, da 'yan kasuwa suka fara ƙorafin ana haɗa musu kaya da na wasu. Da yawa sun dawo hannunsa kamar ba a yi komai ba. Hajiya Suwaiba takan tsaya su gaisa in sun haɗu a hanya, ta tambayi iyali, amma kayanta wani ofishi suke zuwa. Har yanzu akan samu sabon zuwa da zai ƙura masa ido, ya kalli ƙafarsa, ya raɗa wa na kusa da shi wani abu. Da ya je gida da salla, Ummulkhair ta lura ya daina yarda a ɗauke shi hoto ko a wurin biki.

A bara wata ƙungiya ta ba Mubashir lambar yabo ta aikin bincike, kuma wannan shirin na Dubai yana cikin waɗanda aka lissafa. Ya sa hotonsa riƙe da lambar a zauren waya na tsofaffin ɗaliban makarantarsu, 'yan aji suka yi ta sambarka. Wani da bai san abin da ya faru ba ya ambaci sunan Ɗalhatu, ya ce ai shi ne mai masaukin baƙi, ya fito ya taya murna. Ɗalhatu ya rubuta dogon bayani tun daga ranar Lahadin nan har zuwa sito, ya karanta, ya goge. Ya fita daga zauren.

Da yamma saƙon murya ya shigo daga Mubashir, yana dariya, yana cewa ashe har yanzu ana riƙe da shi kan ɗan abin da ya wuce, haba mutumina, zumuncin shekara talatin ai ya fi gaban haka. Ɗalhatu ya saurara sau ɗaya, ya tura wa Ummulkhair. Ta kira shi ta ce ita ma ta ji, sannan ta tambaye shi ko zai yafe masa, tun da dai rai ba a bakin komai yake ba.

“Ummu, ai bai nemi yafiya ba,” in ji Ɗalhatu. “Ranar da ya nema sai in duba.”

Har yau Mubashir bai nema ba.